Ƙeyar Malam Ƙarasau

A kotu babu wanda ya taɓa jin Tafinta ta yi tuntuɓe da kalma. Alƙali zai zubo Turancinsa mai nauyi, lauya ya ɗora nasa mai kwana-kwana, ita kuwa tana tsaye gefen akwatin shaida, hannu ɗaya a kan katako, idonta a kan wata ƙusa da ke bango saman kan magatakarda, ta juye maganar zuwa Hausa tas. Mai shaida ya amsa, ta mayar wa alƙali da Turanci ba ragi ba ƙari. In mutum ya yi zagi ta fassara zagin, in ya fashe da kuka ta jira ya fyace hanci sannan a ci gaba. Ta san ta iya aikinta, kuma ba ta cikin masu yin kamar ba su sani ba.

Wata Laraba ana hutun rana, tana ɗan ofishinta ta tuɓe takalmi ƙafa na shan iska, sai wayarta ta yi ƙara. Monita ne. Tun suna sakandare shi ne monitan ajinsu. Yanzu yana da kantin magani da tumbi, amma har yau ba a sauya masa suna ba, matarsa ma haka take kiransa.

"Tafinta, kin ji labari? Malam Ƙarasau zai bar garin."

"Zuwa ina kuma?"

"Babban ɗansa ne ya zo ya kafa ya tsare. Ya ce ƙafafun tsoho sun ƙi, ba zai bar shi daga shi sai matarsa Mama a gida ba. Can wurinsa za su koma, kuma kin san nisan wurin, ba tafiyar a je a dawo ba ce. Mun haɗa masa ɗan taro ranar Asabar da safe a tsohon ajinmu. Shugaban makarantar ya ba mu makulli."

"Allah ya kai mu. Me za a kawo?"

"Kanki za ki kawo. Ke za ki yi jawabin godiya, da Turanci." Sai ya ƙara da cewa, "Ko da yake, in kina ganin..."

"Ina ganin me? Sa sunana."

Ta kashe wayar ta mayar da takalminta. Ta san abin da Monita ya haɗiye, domin yana ajin ranar da abin ya faru.

Mutanen kotu ba su sani ba, amma matar nan da in'ina ta tashi, in'ina mai tsanani, irin wadda kalma ke maƙalewa har jijiyar wuya ta fito. A gida kowa na tausayinta, shi ya sa kowa ke ƙarasa mata magana. Sau da yawa abin da aka ƙarasa ba shi take nufi ba, amma sai ta gyaɗa kai ta karɓa don ya fi sauƙi. Haka ta yi shekara guda tana sa jan takalmi da ba ta so, don kawai innarta ta riga ta kaiwa ƙarshen zancen a gaban mai kanti.

Sai Allah ya haɗa ta da malamin Turanci mafi rashin haƙuri a duniya. Siriri ne, mai saurin tafiya, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Ba ya iya barin mutum ya kai ƙarshen magana. In ka ce, "Malam, ina kwa..." kafin ka rufe baki ya ce, "Lafiya lau, ba gajiya, gida ƙalau, wuce aji." Shugaban makaranta na wancan lokacin ma bai tsira ba, a wurin taron safe yake ƙarasa masa sanarwa. Daga nan sunan Ƙarasau ya bi shi, kuma ya san da shi.

Ranar farko da ya tashe ta karatu, ta maƙale a kalmar farko, ya ƙarasa mata. Ta maƙale a ta gaba, ya sake ƙarasawa. Aji ya tuntsire da dariya. Ta zauna ta kifa kai a kan benci, shi kuma ya tsaya da alli a hannu yana kallon tsakar kanta, abin da ba a saba gani ba, wato Malam Ƙarasau ya yi shiru.

Washegari ya shigo, bai ko ajiye littattafansa ba ya ce, "Kowa ya tashi. Ku juya ku fuskanci bangon baya. Wanda ya waiwayo, ni da shi ne." Benci suka yi ta ƙara. Shi ma ya juya ya fuskanci allo, ya ba ta baya. "Ke, fito gaba ki karanta wa ƙeyata. Ƙeya ba ta dariya, kuma ba ta da wurin zuwa."

Sakin layi ɗaya ne, amma sai da ya ci kusan darasin duka. Babu wanda ya yi tari. Da ta kai ƙarshe Malam ya ce, "Madalla," yana fuskantar allo, muryarsa a shaƙe kamar mai mura.

Daga ranar abin ya zama dokar ajin. Duk lokacin da karatu ya zo kanta, Monita zai daka tsawa, "Juya!" kowa ya juya. A gaban ƙeyoyi ta koyi Turanci. Ta san ƙeyar kowa fiye da fuskarsa: ta Monita mai tabon faɗuwa daga keke, ta wata ƙawarta mai kitson da kullum yake karkace, da ta Malam, doguwa mai kwarmi a tsakiya. Kafin su gama makaranta tana karanta shafi guda ba tsayawa, kuma a nan ta gano wani abu game da bakinta. In maganar wani ce ta ɗauko, ta littafi ko ta mutum, tana tafiya sumul. Tata ta cikin ciki ce ke tirjewa.

To Malam yana da wata doka ta ranar ƙarshe. Kowane ɗalibi zai fito gaban aji ya tsaya a gabansa, ido da ido, ya gode masa da Turanci. Yakan ce, "Da abin da na ba ku za ku gode mini. Wanda ya kawo mini godiya da Hausa ya kai wa malamin Hausa, ofishinsa na can." Ranar ba a juyawa. Kowa ya yi tasa, wasu a karkace, wasu a guje. Da aka zo kanta ta fito, ta dube shi, ta sa harshe tsakanin haƙora yadda kalmar godiya ta Turanci take farawa, sai harshen ya zauna a nan. Iska kawai ke fita. Tana nan tsaye har aka buga ƙararrawa.

Malam ya kawar da kai ya dubi taga. Ya ce, "Ajiye ta. Godiya ba ta ruɓewa. Ranar da ta nuna ki kawo mini."

Sama da shekara talatin ke nan. Ba wai ta guje shi ba ne. Tana zuwa gaishe shi, ta taɓa kai masa gilashin ido, ta kai wa Mama, matarsa, atamfa. Duk ya karɓa ya sa albarka, amma in ta tashi tafiya sai ya ce, "Ajiyata fa?" Ta ce, "Tana nan, Malam." Ya ce, "To." Ta riƙa ɗauka akwai gobe. Yanzu ga shi ɗansa ya zo da mota.

Da yamma ta gaya wa mijinta. Mai gyaran firji ne, duk unguwa Injiniya ake ce masa. Ta same shi a tsakar gida ya kwantar da wani firji a ƙasa yana leƙa bayansa.

"Ranar Asabar za ka raka ni makarantarmu. Zan yi..."

"Jawabi," in ji shi, bai ɗago ba.

Shi ma haka yake, amma nasa na so ne. Shekarun zama sun sa ya san inda maganarta ta dosa, sai ya tare ta a hanya don kada ta wahala. Ba ta taɓa hana shi ba. Labarin juya baya kuwa bai taɓa ji ba, domin Tafinta ba mai tonon tsohon zance ba ce.

Ta tsara jawabin a ka, ta gwada shi a gaban madubi, ta gwada shi tana wanke-wanke, ya fita sumul. Ta zaunar da Injiniya ta yi masa daga farko har ƙarshe. Shi ba ya jin Turanci sai sunayen kayan firji, saboda haka ya riƙa tafi a inda bai kamata ba.

"Ka ji ko?" ta ce. "Ko gargada babu."

"Na ji. Amma ni kike kallo, ba shi ba."

"Haba, Baban yara. Ni da nake tsayawa gaban alƙalai kullum?"

Ya goge hannu da tsumma. "A kotu maganar mutane kike ɗauka, kamar mai dako. Wannan taki ce. Ni dai na san ranar da aka haifi babbar 'yarmu kin so ki gaya mini wani abu, har yau ina jira."

Ta jefe shi da tsumman wanke-wanke. Maganar ta taɓa ta, amma ba ta karya mata gwiwa ba. Ta ce a ranta, ko harshen zai tsinke, ranar Asabar sai ta sauke kayan nan.

Ajin ya ƙanƙance, ko kuma su ne suka faɗaɗa. Manyan mutane masu furfura da masu jikoki suka matsu a kan bencin yara, gwiwoyi na dukan katako, ana ta shewa da tonon silili. An sake fentin bango amma allon nan ne, har da tsagewarsa ta gefe. An jera lemo da biskit a kan teburin malami. Shugaban makarantar na yanzu, matashi mai kwat, yana zaune a gefe yana murmushin wanda aka ara wa ɗakinsa.

Malam na gaba a kan kujerar roba, sanda a tsakanin ƙafafunsa, Mama a damansa, babban ɗansa tsaye a bayansa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma baki yana nan.

Monita ya miƙe ya gyara tumbi. "Jama'a, mun taru a nan ne domin..."

"Ku yi bankwana da ni, na sani, kira na gaba," in ji Malam.

Aji ya ɗauki dariya, har da masu share ido. Aka yi jawabai, Malam ya ƙarasa rabinsu. Sannan Monita ya kira Tafinta.

Ta fito da takunta na kotu. Ta tsaya inda ta tsaya wancan karon, tsakanin allo da bencin farko. Ta ɗaga ido ta sami wata ƙusa a bangon baya, inda aka taɓa rataye taswira, ta kafa mata ido. Ta buɗe da gaisuwa ga shugaban makaranta, da iyalin Malam, da tsofaffin ɗalibai, Turanci na zuba kamar an buɗe famfo. Shugaban ya gyara zama yana gyaɗa kai. Injiniya, wanda aka ba wuri a bayan Mama, ya dubi na kusa da shi yana nuna ƙirjinsa, wato tawa ce.

Wannan duk maganar kowa ce, an saba yin ta a kowane taro. Da ta gama da ita sai ta sauke ido daga ƙusar ta ɗora a kan fuskar Malam. Ta sa harshe tsakanin haƙora.

Harshen ya zauna.

Ta ja numfashi ta sake turawa. Iska ta fita, kalma ta ƙi. Ta ji jijiyar wuyanta ta miƙe, gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin ɗankwalinta. Haushi ne ya kama ta fiye da kunya: mace da girmanta, mai 'ya'ya, mai albashi, harshe ya mayar da ita 'yar aji ɗaya. Injiniya ya buɗe baki zai ƙarasa mata kamar yadda ya saba, sai ya tuna ba shi da Turancin, ya bar bakin a buɗe. Shugaban makaranta, don ya rufa asiri, ya fara tafi a hankali.

Malam ya buga sanda a ƙasa. Tafin ya mutu.

Ya dafa sandar yana ƙoƙarin tashi. Ɗansa ya riƙe shi yana cewa, "Baba, ina za ka?" Bai kula shi ba. Ya ja kujerar da ƙafa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar allo.

Monita bai san lokacin da ya daka tsawa ba. "Juya!"

Benci suka yi ƙararsu ta dā. Masu tumbi da masu ciwon gwiwa suka yi ta kiciniya, wata ta maƙale sai da aka ja ta, amma kowa ya juya ya fuskanci bangon baya.

Injiniya ya yi zumbur ya miƙe. "Kai! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Matata na magana ku juya mata baya? Monita, har da kai? In ba ku so ta yi, me ya sa kuka kira ta?"

Mama ta kamo gefen rigarsa. "Zauna, ɗana. Kai ma juya."

"In juya, Mama?"

"Juya na ce. A gida ta yi maka bayani."

Ya juya yana ƙunƙuni. Shugaban makaranta ya duba dama da hagu, ya ga shi kaɗai ya rage, shi ma ya juya kujerarsa.

Tafinta ta dubi ajin. Ga tabon keken Monita, yanzu a tsakanin ninkin wuya biyu. Ga ƙeyoyin da ta bari baƙaƙe sun yi fari. Ga ta Malam, kwarmin ya ƙara zurfi, fatar ta saki. Dariya da kuka suka taso mata tare, ta haɗiye su, sai ta ji wuyanta ya buɗe.

Jawabin da ta tsara ya tafi abinsa, wani ya zo. Da Turanci ta ce ita yarinya ce da kowa ke ƙarasa wa magana saboda tausayi, har ta kusa mance cewa tana da tata. Ta ce a ɗakin nan ne aka fara jira ta kai ƙarshen jimla da kanta, kuma wanda ya jira ɗin shi ne mutumin da bai taɓa jiran kowa ba. Ta ce yau da bakin nan take ci, da shi take ciyar da 'ya'yanta, kuma duk ranar da wani talaka ya tsaya a gaban alƙali yana rawar murya, ba ta katse shi, domin ta san abin da ake ji. Wasu kafaɗu suka fara girgiza a benci.

Ta iso kan godiyar. Kalmar na bakinta a kwance, ta san in ta tura yanzu za ta fita ba gardama. Sai ta tsaya da kanta. Ƙeya ta sha jin Turancinta. Ba ƙeya ce ta ba ta ajiya ba.

"Malam," ta ce da Turanci, "juyo."

Bai juyo ba. Ya ɗaga hannu ɗaya ya kaɗa, wato ci gaba.

"A'a, Malam. Ido da ido ka ce. Dokarka ce, ba tawa ba." Ta koma Hausa ta ɗaga murya irin ta kotu. "Ku ma duka ku juyo. Baban yara, har kai."

Aka sake kiciniya da benci. Ɗan Malam ya kama kujerar ya juyo da ita a hankali, da tsohon a kai.

Hankici ne cushe a bakin Malam. Ya danne shi da haƙora, ya kuma ɗora tafin hannu a kai, idanunsa jajur, ruwa na bin kwarin kumatunsa.

Mama ta tafa hannu. "Ashe nan ne! Shekara da shekaru mutumin nan yana dawo mini da hankici a tattaune, ina cewa ɓera ne a aljihunsa!"

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Tafinta ta tsaya tana kallonsa. Duk shekarun nan ta ɗauka don ya ɗauke mata nauyin ido yake juyawa. Ashe har da bakinsa yake kokawa, kowace kalma da ta maƙale mata tana kan harshensa, yana taune ta a cikin tsumma don kada ta kuɓuce. Son tsohon nan ya cika mata ƙirji har ya yi mata zafi.

Ta matsa gabansa. Ta dube shi cikin ido, ta sa harshe tsakanin haƙora.

Harshen ya sake zama. Ta tura, ya ƙi. Ta ja numfashi, ta sake. Wannan karon ba ta nemi ƙusa ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Aji duka na kallonta, ta bar su su kalla. A bayan Mama, Injiniya ya dubi Malam, ya dubi matarsa, sannan a hankali ya ɗaga hannunsa mai baƙin mai ya rufe nasa bakin.

Muƙamuƙin Malam na motsi a kan hankicin.

Kalmar ta fito a gutsure, rabi sannan rabi, da ƙarfi fiye da yadda ta nufa, har ta amsa a bangon baya. Ta biyun ta biyo ta, sannan ta ukun. Na gode, Malam. Da Turancin da ya ba ta, a fuskarsa.

Babu wanda ya yi tafi. Malam ya zare hankicin daga bakinsa, ya ninke shi a kan gwiwa. Ya ci gaba da kallonta, yana jira. Sannan ya yi tambayar da babu wanda ya taɓa ji daga bakinsa, ko Mama.

"Kin gama?"

"Na gama, Malam."

Ya gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Na karɓi ajiyata."